Zaren Mushe

Mai karatu, in ka taɓa bi ta bayan babbar kasuwar Maraɗi bayan sallar isha'i, mai yiwuwa ka ga wasu dattawa zaune bisa tabarma a ƙofar wani kanti, butar shayi tana kan gawayi, ɗayansu riƙe da wani tsohon kaye mai baƙin bango. To, mu ne. Da can mu biyar ne, yanzu mun koma huɗu. Cikin wannan kaye aka rubuta shirin da muka fi shekara talatin muna yi, wato mu tashi daga Maraɗi mu nufi gabas, mu yi ta tafiya har mu shigo gida ta yamma. Har yau ba mu tafi ba. Dalilan rashin tafiyar suna da yawa, amma ɗaya daga cikinsu ni ne, shi ya sa na ga ya fi kyau in ba da labarin da bakina tun wani bai riga ni ba.

Ba zan ambaci sunan kowa ba, zan kira su da laƙabin da muke kiran juna. Akwai Mushe, malamin lakwal da ya ƙare rayuwarsa yana koyar da labarin ƙasa. Akwai Alhaji, ɗan kasuwa mai sayo kaya ta Kwatano. Akwai Majo, ma'aikacin gidan likita, da Ɗan Dwan, wanda aikinsa ya kai shi kusan kowane bakin iyaka na ƙasar nan. Ni kuwa suna ce mini Akawu, domin aikin lissafi na yi a wani biro na gwamnati har na aje.

Abin ya fara ne wani dare cikin sanyin Janairun 1993. Mushe ya zo da ƙwallon taswirar duniya na ajinsa, wanda ƙafarsa ta karye, da niyyar kai wa maƙeri da safe. Alhaji ya ɗauka yana juyawa, ya ce shi fa har yanzu bai gamsu da zancen nan na cewa mutum zai nufi gabas ya dawo ta yamma ba. Mushe bai yi gardama ba. Ya aiki yaro wurin tela ya karɓo zare, ya ɗiga bik a inda Maraɗi take, ya ɗaura zaren ya kewaya ƙwallon da shi, bai karkata kudu ba, bai karkata arewa ba. Muka kunna cocila muka bi zaren da ido. Ya bi ta kusa da Damagaram, ya ratsa Tafkin Cadi, ya wuce El Fashar da El Obeid a Sudan, ya ƙetare bakin tekun Maliya ya faɗa Yaman. Daga nan ya shiga Indiya ya fita ta Madras, wadda ake kira Cennai yanzu, ya bi ta Bankok, ya ratsa tsibiran Filifin, sa'an nan ya shiga wani shuɗi mai faɗi har muka gaji da binsa. Mushe ya ce tekun Pasifik ke nan. Zaren ya ɓulla a San Salbado, ya taɓa tsibirin Barbados, ya ƙetaro Atilantika ya sauka Banjul, ya bi ta Segu, sai ga shi a Yamai. Muka yi shiru. Yamai ɗin nan da muke shiga mota mu yi wuni guda kafin mu kai, ashe ita ce zango na ƙarshe ga wanda ya kewayo duniya zai koma Maraɗi.

Mushe ya ce a tsakiyar ƙwallon, inda ya fi kauri, kewayen ya ɗan haura kilomita 40,000, amma a kan layinmu bai wuce kimanin 39,000 ba. Ɗan Dwan ya yi dariya ya ce ai mu ma an yi mana rangwame. Alhaji bai yi dariya ba. Ya ce, "Mushe, gani ya kori ji. In gaskiya ne, mu je mu gani."

Daren nan ba mu tashi ba sai da sanyi ya kore mu. Mushe ya ba mu labarin Majelan, wanda ya tashi daga Sifen a 1519 da jiragen ruwa biyar da mutane fiye da ɗari biyu, aka kashe shi a Filifin a 1521, a ƙarshe jirgi ɗaya ya koma gida a 1522 da mutum 18. Ya tuna mana littafin Jules Verne da aka sa mu karantawa a lakwal, na Baturen da ya yi caca a kan zai kewaye duniya cikin kwana tamanin. Alhaji ya ce mu ma ba baƙin tafiya ba ne. Kakanninmu sun je Gwanja da jakuna sayen goro, wasu sun tafi Makka da ƙafa ta Cadi da Sudan, suna tafe suna noma suna ƙwadago, sai bayan shekaru su dawo, wasu ma can suka zauna, zuriyarsu tana Sudan har gobe. Mushe ya ƙara da cewa Ibn Battuta, wanda ya bar Tanja a 1325, ya taka ƙasar nan tamu, ya sauka Takadda a 1353. Ya kuma kawo labarin Dorugu, yaron ƙasar Damagaram daga wajen Kance, wanda ya bi Bature Barth har Tumbutu, ya ƙetare Sahara zuwa Tarabulus, ya isa Landan a 1855, aka rubuta labarin rayuwarsa da Hausa daga bakinsa. Ya ce in yaron da aka kama bauta ya ga Landan, me zai hana ma'aikata da ɗan kasuwa?

Washegari na sayo kaye, muka rubuta dokoki huɗu, kowa ya sa hannu. Ta farko, ba a tafiya sai tare. Ta biyu, kuɗin asusu ba a taɓa shi sai don tafiya. Ta uku, ba a fitar da ko dala sai da sa hannun Alhaji da na Akawu, bayan an shaida wa sauran. Ta huɗu, wanda Allah ya yi wa rasuwa, a miƙa wa magadansa rabonsa cif. Muka yanke jika biyar-biyar kowane wata.

Mun yi wata goma sha biyu muna zubi, asusu ya kai jika 300. Ranar 12 ga Janairun 1994 muka wayi gari an karya darajar sefa. Faran ɗin Faransa da ake saye sefa 50 ya koma 100. Jikunanmu 300 da suka kwana suna daidai da faran 6,000 suka tashi suna 3,000. Wanda ya yi aikin gwamnati a waɗannan shekaru ya san sauran labarin, yadda albashi yake yin watanni bai fito ba, da yadda mai kanti yake buɗe wa ma'aikaci shafin bashi. Kafin ƙarshen shekara muka taru muka raba kuɗin, kowa ya sayi hatsi. Kaye ya shiga akwati. A 2002 kamfanin Air Afrique, wanda muka sa ran shi zai fitar da mu, shi ma ya rufe. Muka ci gaba da shan shayi, zancen tafiya ya koma abin zolayar Mushe.

Shi ne kuma ya tayar da maganar a ƙarshen 2013. Ya ce furfura ta fito, ƴaƴa sun fara kama aiki, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. In muna so mu tafi lokacin da muka aje aiki, to yanzu ne za a fara. Wannan karon muka yanke jika 50 kowane mutum, muka buɗe asusu a banki. Jika 50 ba ƙaramin abu ba ne ga mai albashi. Ni da kuɗin hayar wani ɗan gida da na gada, da abin da gona ta bayar, nake cikawa. Uwargidana ta ce, "Malam, mutum da ƴaƴa mata uku a gabansa, shi ne zai tara kuɗin kallon teku?" Na ce mata kayan ɗakin kowace yarinya yana wuyana, kuma na cika alkawari. Ba ta sake magana ba, amma ba ta taɓa cewa ta yarda ba.

Akwai kuma maganar farilla. Alhaji ya ce bai dace wanda bai sauke farali ba ya kashe miliyoyi wajen yawon buɗe ido. A lokacin ni da Majo ba mu je ba. Wannan magana ta ci mana wata biyu, har Allah ya sa muka daidaita cewa kowa ya nemi hanyar hajjinsa dabam kafin ranar tashi. Majo ya tafi a 2016, ni a 2018. Daga Janairun 2014 zuwa Disamban 2019, shekara shida cur, ba wanda ya tsallake wata. Asusu ya kai miliyan 18, wato kowa yana da miliyan uku da jika 600.

Tara kuɗi ya zo mana da sauƙi a kan tsara hanya. Mutum biyar ne, kowa da abin da yake so ya gani. Alhaji yana son Dubai da Gwanju ta ƙasar Sin, inda ake babbar kasuwar baje koli sau biyu a shekara, wajen Afrilu da wajen Oktoba. Majo yana son Indiya, ya ga gidajen likitan da mutanenmu suke sayar da gonaki su tafi. Ɗan Dwan yana son mashigin Panama, wanda aka buɗe a 1914, ya ga yadda ake ɗaga jirgin ruwa da ruwa a ƙetare da shi daga teku zuwa teku, ya kuma ga yadda ake karɓar kuɗin fito. Mushe ba abin da yake so kamar birnin Salbado na jihar Bahiya a Barazil, inda Hausawan da aka kai bauta suka shirya tawaye a 1807, suka sake tashi a 1814, kafin babban boren Musulmi na 1835. Ya ce yana so ya tsaya a bakin tekun nan ya yi musu addu'a da harshen da suka tafi da shi. Ni dai buƙatata kaɗan ce, umra da Jakarta, in ga yadda ake cika masallaci a ƙasar da Musulminta suka haura miliyan 200.

Da muka bincika, sai muka tarar manyan ƙungiyoyin kamfanonin jiragen sama, irin su Star Alliance da oneworld, suna sayar da tikiti guda na kewaya duniya, amma da sharuɗɗa. Dole ka riƙe fuska ɗaya, ko gabas ko yamma. Dole ka ƙetare Atilantika sau ɗaya, Pasifik sau ɗaya. Dole ka gama cikin shekara guda, ka kuma ƙare a ƙasar da ka fara. An kuma ƙayyade yawan zangon da za ka yi. Waɗannan sharuɗɗa sun raba mana gardama fiye da yadda muka iya raba wa kanmu, domin duk wanda ya kawo wani gari, Mushe zai miƙa zare ya ce wannan komawa baya ne. A ƙarshe muka tsaya a kan Yamai, Adis Ababa, Jidda, Dubai, Mumbai, Jakarta, Gwanju, Tokiyo, birnin Meksiko, Panama, Sawo Pawulo da Salbado, sa'an nan mu ƙetaro Afirka. Kwana sittin muka tsara.

Sai maganar biza, wadda ita ce ta nuna mana matsayin fasfonmu a duniya. Cikin ƙasashen nan kusan kowace tana neman biza daga ɗan Nijar, da dama kuma ba su da ofishin jakadanci a Yamai, sai mutum ya bi su Abuja ko Abijan ko Dakar. Kowace tana son ganin takardar banki da tikitin fita da shaidar masauki, da yawa suna son fasfo mai sauran wata shida, ga katin rigakafin shawara. Biza kuma tana da wa'adi, in ka karɓi ta ƙasar ƙarshe da wuri, za ta mutu kana tsakiyar hanya. Kuɗin nema ba a mayarwa ko an hana ka. Na ƙasashen Turai masu biza guda ya kai yuro 90 tun daga 2024, kusan jika 59 ke nan. Amurka kuwa ko sauyin jirgi za ka yi a filinta sai da biza, shi ya sa muka zaɓi jirgin da yake tashi daga Tokiyo kai tsaye zuwa Meksiko. A Disamban 2025 ma ta sa Nijar cikin jerin ƙasashen da ta rufe wa ƙofa. Ɗan Dwan, wanda ya yi shekara talatin yana tambayar mutane takardu, ya taɓa duban jerin abin da ake nema daga gare mu ya ce, "Yau na ji abin da direbobi suke ji."

Wannan jirgi na Tokiyo ya jawo wata muhawara da ba zan manta ba. Mushe ya ce duniya tana juyawa daraja 15 kowace awa, saboda haka mai tafiya gabas kullum yana tarar rana da wuri. Makka tana gabanmu da awa biyu, Sin da bakwai, Japan da takwas. A tsakiyar Pasifik kuwa akwai layin da kwanan wata yake sauyawa. Tsakanin Tokiyo da Meksiko awa 15 ne, tafiyar kuma ba ta kai haka ba, don haka in muka tashi Juma'a da la'asar, za mu sauka Juma'ar nan dai da azahar. Ya ce da wannan rana ta kyauta ne Baturen littafin ya ci cacarsa, mutanen Majelan kuwa, da yake yamma suka nufa, da suka iso tsibiran Kap Ber sun tarar kwana ɗaya ya ɓace musu. Alhaji ya ce to salla fa? Muka kai wa limamin unguwa tambaya, ya ce kowa ya bi ranar da yake gani a inda yake, in ta faɗi ya yi magariba, in alfijir ya keto ya yi asuba. Ni kuma na tambayi wanda zai biya kuɗin abincin wannan rana da aka ƙara mana, tunda ba ta cikin lissafi. Har Ɗan Dwan ya rasu yana tsokanata da wannan tambaya.

Mun sa ranar tashi cikin Oktoban 2020, bayan an kai amfanin gona gida. A watan Maris na shekarar annobar korona ta shigo, aka rufe iyakoki da filayen jiragen sama, ko hajjin shekarar ma ba a yi da mutanen waje ba. Muka dakatar da zubi muka zauna jira. Sin ba ta buɗe ƙofarta sosai ba sai farkon 2023. Kuɗi suna kwance a banki, farashin komai yana hawa.

A nan ne, mai karatu, nawa laifin ya shigo. Cikin 2022 Alhaji ya same ni a gida bayan azahar, ya ce, "Akawu, kai ne masanin lissafi. Kuɗin nan kullum raguwa suke yi suna kwance. Ka sa hannu in juya miliyan shida, wata huɗu in mayar da riba, mu ba mutanen nan mamaki." Na ce a shaida wa sauran. Ya ce ai na san Mushe, in aka gaya masa, doka ta biyu zai karanto. Na yi kwana uku ina juya abin. Alhaji ba maci amana ba ne, shekara arba'in na san shi. Na sa hannu. Wata huɗu bai cika ba ya mayar da kuɗin da riba. Na rubuta ribar a wata ƴar takarda dabam, ban sa ta cikin kaye ba. Tun daga ranar da na ware wannan takarda ya kamata in gane inda na dosa, domin akawun da yake da littafi biyu ya san sunan abin da yake yi.

A watan Yunin 2023 ya dawo, wannan karon miliyan 12, har da ribar farko a kai. Ban yi ko kwana ɗaya ina tunani ba. Ya sayo madara da tumatirin gwangwani da man girki. Kaya suna Kwatano aka yi juyin mulkin 26 ga Yuli, ƙungiyar CEDEAO ta sa takunkumi, aka rufe gadar Malanbil. Ƴan kasuwar da suke karanta wannan shafi ba sa bukatar in kwatanta musu layin kamiyoyin da ya tsaya a can. Wani kayan yana kan mota yana shan rana, wani yana tashar jirgin ruwa kuɗin ajiya yana hawa kansa kowace safiya. Da Alhaji ya ga wa'adin madara yana matsowa, ya karyar da kayan a can. Abin da ya dawo asusu miliyan huɗu ne. Daga 18 muka koma 10. Wata shida ina zuwa shayi da kaye a hannu, ana zancen Panama ina sa baki.

A Fabrairun 2024 Ɗan Dwan ya kwanta kwana huɗu, Allah ya karɓi abinsa. Ya bar mata biyu da ƴaƴa, uku daga cikinsu ƙanana. Bayan addu'ar bakwai Alhaji ya ja ni gefe ya ce mu fitar da rabon marayu daga abin da ya rage, ba wanda zai sani, shi kuma zai cike gurbin kafin shekara. Gaskiyar da zan faɗa ita ce na yarda. Ranar da muka taru a zauren marigayi da ƙanensa da babban ɗansa, na buɗe kaye na karanta rabonsa, miliyan uku da jika 600. Sai Mushe ya ce, "Akawu, dukiyar marayu ce. Karanta musu takardar banki ma, su ga ubansu da mutanen kirki ya yi hulɗa." Ba zargi ne ya sa ya faɗi haka ba, alfahari yake yi da mu. Takardar tana aljihuna. Na fito da ita, na kasa karantawa, na miƙa masa.

Ya duba ya daɗe, ya ninke ta, ya ce a ba yara haƙƙinsu cif yadda doka ta huɗu ta ce. Bai ƙara ko kalma ba sai da muka fito waje. A ƙofar gida ya dube ni, bai dubi Alhaji ba, ya ce, "Shi ɗan kasuwa ne, juya kuɗi ne aikinsa. Kai muka ba kaye." Ya hau babur ɗinsa ya tafi.

Majo ne ya yi mana hukunci. Bayan an fitar da na marayu, saura miliyan shida da jika 400. Rabonsa da na Mushe miliyan bakwai da jika 200 ne. Saboda haka ni da Alhaji ba mu da ko dala, kuma ana bin mu jika 800. Alhaji ya ce shi kaɗai zai ɗauki asarar, Majo ya ce hannu biyu ne a takardar banki. Na sayar da shanun nomana biyu na kawo jika 400. Da na gaya wa uwargidana, na zaci za ta tuna mini maganarta ta 2014. Abin da ta ce kawai shi ne, "Ka je ka ba Mushe haƙuri, kada ka aika." Na je sau uku. Yana karɓata a zaure, a gaisa, a tambayi iyali, in na ɗauko maganar sai ya ce ya wuce. Amma tabarmar shayi bai sake takawa ba har wata biyar.

Cikin wannan lokaci Majo ya ce masa su biyu suna da kuɗinsu, in yana so su tafi. Na ji daga baya cewa Mushe ya amsa masa da cewa an karya doka ta biyu da ta uku, shi ba zai karya ta farko ba. Wannan magana ta fi mini zafi a kan wadda ya faɗa mini a ƙofar gidan marigayi, domin ma'anarta ita ce ni na tsare shi. Mutumin da ya yi shekara talatin yana son ya tsaya a bakin tekun Bahiya, ga kuɗinsa a hannu, ga ƙarfinsa yana raguwa, yana zaune yana jiran wanda ya cuce shi.

Wani dare cikin damina sai ga shi da ƙwallon nan a hammata, ƙafarsa har yanzu da ɗaurin maƙerin 1993. Ya zauna, aka zuba masa na farko, ya sha. Ya ce a kawo kaye. Ya ƙara doka ta biyar da hannunsa, cewa kowane ƙarshen wata za a karanta takardar banki a gaban kowa, da ƙarfi. Na miƙa masa kayen na ce ya riƙe, ko ya ba Majo. Ya tura mini shi ya ce, "Riƙe abinka. Yanzu ka fi kowa sanin nauyinsa."

Ga ƴan uwa masu irin wannan shiri, ko na tafiya, ko na adashe, ko na haɗa jari, abin da zan iya faɗa kaɗan ne. Ku rubuta komai tun kuna dariya da juna, har abin da za a yi in wani ya mutu ko ya janye. Kada mai ajiya da mai rubutu su zama su kaɗai ne suke ganin takarda. Ku sa rana kusa, domin mu mun ga karyewar kuɗi, mun ga annoba, mun ga rufe iyaka, ba ko ɗaya da ya yi mana sallama kafin ya shigo. In kuma wanda kuka fi yarda da shi ya zo muku da shawara mai kyau wadda sharaɗinta shi ne kada a gaya wa sauran, to ku tashi ku je ku gaya musu a daren.

Yanzu ina zuba jika 25 kowane wata daga kuɗin fansho. In ba wata hanya ta buɗe ba, wata 144 zan yi kafin in mayar da rabona, wato shekara goma sha biyu. Shekaruna sun haura sittin. Alhaji ya ce in kasuwa ta miƙe zai cika nasa ya cika nawa, na ce ya kawo a gaban kowa a karanta.

Bayan girbin 2025 Mushe ya ce tunda gabas muka nufa, ba abin da ya hana a fara. Muka shiga mota mu huɗu muka tafi Damagaram, kowa ya biya daga aljihunsa. Muka zaga Birni da fadar Sarki, muka hau duwatsu muka hangi gari, a dawowa muka ratsa ta Kance domin Mushe ya ga ƙasar su Dorugu, muka yi wa Ɗan Dwan addu'a a can. Da muka iso gida ya sa na buɗe sabon shafi, ya ce in rubuta 39,000, in ɗebe 240. Na ce masa ai mun dawo ta hanyar da muka bi, a ƙa'idar tikiti wannan komawa baya ne. Ya ce in rubuta dai, shi ne malamin labarin ƙasa. Na rubuta saura 38,760, muka sa hannu mu huɗu, muka bar gurbin na biyar.

Allah ya jiƙan wanda ya riga mu, mu kuma ya ba mu aron rai da lafiya.